Kwana 75 a Bakin Iyaka: Yadda Dokar Kulle Ta Riski Ikara, Maƙarfi da Kudan

Ƙarshen watan Maris lokaci ne na kwashe amfanin rani a arewacin ƙasar Zazzau. Tumatirin fadamun Kudan da Hunkuyi da Ikara yana kan ganiyarsa, zafi yana nunar da shi da saurin da hannu ba ya iya cim masa. Masu rake a Maƙarfi suna kakkaɓe ragowar na bana, manomin damina kuma yana lissafin buhun masara nawa zai fitar ya sayi taki kafin ruwa ya sauka. Ana cikin haka, ranar Alhamis 26 ga Maris 2020, Mataimakiyar Gwamnan Kaduna, Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe, ta yi wa jama'ar jiha jawabi cewa daga tsakar daren nan kowa ya zauna a gidansa, ba dare ba rana. Ba kasuwa, ba sallar Juma'a, ba coci, ba taron biki ko suna. Makarantu dama an rufe su tun Litinin 23 ga wata, an kuma dakatar da 'yan acaɓa da masu Keke.

A ranar da aka kafa dokar, ba a tabbatar da ko mutum ɗaya mai cutar korona a jihar ba. Bayan kwana biyu, ranar Asabar 28 ga Maris, Gwamna Nasir El-Rufai ya fito ya ce an gwada shi an samu yana ɗauke da ita, ya zama shi ne na farko a Kaduna. Jihar ta riga gwamnatin tarayya ɗaukar mataki, don sai ranar 30 ga Maris dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Legas da Ogun da Abuja ta fara aiki. Kullen Kaduna ya ɗauki kwana 75, har zuwa 9 ga Yuni, yana cikin mafi tsawo da tsanani a faɗin Najeriya.

Gwamnati ta dogara ne da dokoki biyu na zamanin Turawa: dokar killace masu cuta ta 1926 da dokar kiwon lafiyar jama'a ta 1917. Tsakanin shekarun nan biyu ne annobar mura ta 1918 ta shigo ta tashar jirgin ruwa ta Legas, ta biyo layin dogo zuwa Arewa, ta hallaka mutane wajen rabin miliyan a ƙasar nan. Layin dogon da ya ɗauko ta daga Zariya zuwa Kano ya ratsa ta Likoro da Gimi, wato ta tsakiyar yankin da muke magana a kai. Kakanninmu sun ga annoba, sun san tana bin hanya da matafiya. Saboda haka tsoron da gwamnati ta ji a 2020 tsoro ne mai tushe: ana kallon abin da ke faruwa a Italiya, inda asibitocin da suka fi namu komai suka cika suka batse, a nan kuwa gadajen kula da masu numfashi da ƙyar ƙalilan ne a duk jihar. Wannan ba abin musu ba ne a wurina. Abin da ke damuna shi ne irin mutumin da aka sa a gaba lokacin da ake tsara dokar. Mutum ne mai albashi, mai ɗakin ajiya, wanda kasuwarsa ke ci kullum a bayan gidansa. Mutumin Paki da Gubuchi da Doka ba haka rayuwarsa take ba.

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka tunda a Jihar Kaduna yake, harkarsa da garin Kaduna take. Gaskiyar magana, ƙananan hukumomin nan uku Kano suke fuskanta. Ikara da Maƙarfi sun yi iyaka da Jihar Kano, Kudan ta jingina da Ɗanja ta Jihar Katsina. Babban titin Zariya zuwa Kano ya bi ta Tashar Yari kafin ya kai Kwanar Ɗangora. Hatsin yankin Dawanau yake nufa, kayan gwari 'Yankaba ko kuma kudu, mai shago a Singa yake saro kaya, mai kayan lefe Kantin Kwari. Ga auratayya, ga karatun allo, ga gonakin da rabi ke wannan jiha rabi ke waccan. Da aka ce an rufe iyaka, a takarda layi ne aka ja tsakanin jihohi biyu, a ƙasa kuwa an raba mutum da kasuwarsa da surukansa da malamin ɗansa.

Kasuwa

Bayan kusan mako guda gwamnati ta buɗe ƙofa ta kwana biyu don mutane su fita su yi cefane, daga baya aka riƙa sauya ranakun: wani lokaci a rage, wani lokaci a ƙara. A cikin birni an buɗe ƙananan kasuwannin wucin gadi a filayen makarantu, don kada a yi cunkoso a manyan kasuwanni. Dabara ce mai kyau ga mazaunin Unguwar Rimi ko Tudun Wada. A karkara kuwa kasuwa ba gini ba ce da za a buɗe ta duk ranar da aka ga dama. Rana ce. Kowane gari da ranar da kasuwarsa ke ci, kuma ranakun a jere suke ta yadda fatake da dillalai da 'yan koli za su ci wannan yau, gobe su wuce waccan. In ranar da gwamnati ta ware ba ta dace da ranar kasuwar garinku ba, an buɗe muku ƙofa ne zuwa wurin da babu kowa. In kuma ta dace, sai ƙauyukan da ke kewaye duka su yi ca a wuri guda cikin 'yan sa'o'i, kowa na sauri, kafaɗa da kafaɗa, cunkoson da aka kafa dokar don a hana shi.

Sannan mutumin karkara ba saye kawai yake zuwa yi kasuwa ba. Sai ya sayar yake saye. Magidanci ya ɗauki tiya biyar ta waken suya ko ɗan akuya ɗaya, ya sayar, ya sayo manja da gishiri da magi da sabulu, ya biya kuɗin maganin yaro a kemis, ya kai zubin adashi. Rumbu na iya kasancewa da hatsi, gidan kuma ba ko sisi. Irin wannan talaucin kulle ya haifar a ƙauye, kuma ya bambanta da na birni inda abincin kansa ne babu.

Masu tumatir su suka fi kowa ji a jika. A bisa doka motocin abinci an yafe masu, suna iya wucewa. Amma a tsaya a dubi yadda kwando ɗaya ke barin gona. Tun da asuba 'yan ƙwadago ke shiga lambu su tsinka, a zuba a kwanduna, a rufe baki da ganye ko takarda a ɗaure. Ɗan acaɓa ko mai ƙaramar mota ya fito da su bakin titi. Dillali ya haɗa mai kaya da mai saye, 'yan dako su loda, direba ya kama hanyar kwana da yini zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. A cikin mutanen nan duka, direban babbar mota kaɗai dokar ta sani. Ɗan acaɓan da zai fito da kwandon an hana shi hawa titi, mai sayen da ke zuwa daga wata jiha ba shi da hanyar zuwa, shingayen jami'an tsaro sun ninku, kowane shinge da jinkirinsa da na goronsa. Can kudu kuma otal-otal da gidajen abinci a rufe, ba biki, kasuwanni na ci na 'yan sa'o'i. Tumatir ba ya jiran kowa. Wanda ya tsinka da safe bai samu mai saye ba, kafin la'asar ya fara ruwa, sai a koma ga dabarar iyaye: a yanka shi biyu, a baza a ƙasa ko kan duwatsu ya bushe ya zama kauɗa, a sayar da arha daga baya. Wanda ya ci bashin taki da man injin ban ruwa da niyyar biya in ya kwashe, da bashin ya shiga damina. A Ikara akwai kamfanin sarrafa tumatir da aka kafa tun 1981 don irin wannan rana, amma shekarunsa na aiki da tsayawa sun sa manomi bai taɓa iya dogara da shi ba.

Akwai kuma wata kasuwar da ba a gani, wadda ke ci a cikin gidaje. Matan aure da ba sa fita su ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da awara da dafa-duka, yara su kai tasha da ƙofar makaranta da rumfunan kasuwa. Da wannan ribar mace ke sayen sabulu, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ta rufa wa miji asiri ranar da ya fita bai samo ba. Da aka rufe makaranta da tasha da kasuwa a lokaci guda, duk masu sayen suka ɓace. Da yawa jarin suka cinye, kuma jarin da bai wuce na tiya biyu ta gyaɗa ba in ya shiga tukunya, dawo da shi sai an sha wuya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta wayar tarho tare da Bankin Duniya a watannin Afrilu da Mayu na shekarar ya nuna kashi 42 cikin ɗari na waɗanda ke aiki kafin annobar sun daina, kuma kashi 79 cikin ɗari na gidaje sun ce abin da ke shigo masu ya ragu. Binciken da masu waya aka yi shi. Matar da ke soya awara a lungun Saulawa da wuya a ce an kira ta.

Titi da shinge

Ya kamata a faɗi gaskiya: a ƙauyukan da ke nesa da kwalta, dokar ba ta zauna yadda aka rubuta ta ba. Babu jami'an da za su tsare kowace ƙofa. Mutane sun ci gaba da zuwa gona da rafi, ana haɗuwa a dandali da yamma, ƙananan masallatan unguwa da yawa ba su daina jam'i ba. Inda dokar ta yi ƙarfi shi ne kan titi da cikin manyan garuruwa, inda ake kama mutane a kai su kotun tafi-da-gidanka a ci su tara, daga baya aka ƙara da wajabta takunkumin fuska.

A kan iyaka kuwa, abin ya zama ciniki. Motar haya ta sauke fasinja kafin shinge, babura su kwashe su ta ɓarauniyar hanya cikin gonaki, wata motar na jira a gaba. Kuɗin mota ya ninka, mai hali ya wuce, marar hali ya koma. Gwamna El-Rufai da kansa ya fito ya koka cewa wasu jami'an tsaro na karɓar kuɗi suna barin mutane su shigo, har ta kai ga tura kwamishinoni da manyan jami'an gwamnati su tsaya a kan iyakokin, shi ma ya fita sintiri a hanyar Kano a kwanakin Sallah. Wannan ya nuna da gaske yake. Ya kuma nuna cewa tsarin da sai gwamna ya tsaya da ƙafarsa a kan titi kafin ya yi aiki, ba zai ɗore ba.

Tilastawar ta ci rayuka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoto a tsakiyar Afrilu cewa cikin makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasa, 12 daga ciki a Jihar Kaduna, mafi yawansu a tarzomar gidan yarin Kaduna. A lokacin, adadin ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a Najeriya. Labarin ya shiga rediyo, ya shiga kowace majalisa, kuma ya yi wa saƙon ma'aikatan lafiya illa ƙwarai.

Azumi da Sallah

Tun farko mutane da yawa ba su yarda akwai cutar ba. Waɗanda aka ji ta kama manya ne: gwamna, 'yan siyasa, masu hawa jirgi. Shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Sai ake cewa cutar masu kuɗi ce, ko kuma hanyar cin kuɗi ce aka ɓullo da ita. Ba na ganin daidai ne a kira wannan jahilci a wuce. Mutanen yankin nan na tune da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, suna tune da rikicin allurar shan-inna na 2003. Sun kuma san zazzabin cizon sauro da haihuwa da amai da gudawa na kashe masu mutane kowace shekara ba wanda ya rufe ko rumfa ɗaya. Mutumin da ya binne 'ya'ya biyu saboda zazzabi yana da hujjar tambayar me ya sa wannan ce kaɗai ta tayar da hankalin hukuma.

Amsar ta zo daga Kano, kuma mai ɗaci ce. A ƙarshen Afrilu masu haƙar kabari a birnin suka fara cewa gawawwakin da ake kawo masu sun wuce ƙima. Dattawa suka riƙa faɗuwa, malaman jami'a, 'yan kasuwa, masu sarauta. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sa wa Kano dokar kulle. Daga baya Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mace-mace 979, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Ga mutumin Ikara ko Maƙarfi wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Ubangidansa na kasuwa ne, ko malaminsa, ko kawun matarsa, kuma ba halin zuwa ta'aziyya. A cikin watan Mayu, sanarwar ma'aikatar lafiya ta jiha ƙarƙashin Dakta Amina Mohammed Baloni ta lissafa Maƙarfi cikin ƙananan hukumomin da aka samu masu cutar, tare da Soba da Giwa da Zariya da Sabon Gari.

Azumi ya kama ranar Juma'a 24 ga Afrilu, cikin tsananin zafi. Majalisar ƙoli ta addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sun ce a dakatar da taron tafsiri da tarawihi a masallatai. Malamai da dama sun yi ƙoƙari, suna tunatar da mutane yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, tafsiri ya koma rediyo da waya. Amma azumi a ƙasar Hausa ba ibada kaɗai ba ne, lokaci ne da mai shi ke ciyar da marar shi. Kunu da ƙosan da ake kaiwa masallaci, hatsin da attajiri ke rabawa, ɗinkin Sallah da tela ke samun na shekara da shi, duk a taron jama'a suka rataya.

Da Sallah ta zo ranar Lahadi 24 ga Mayu, sai bambancin jihohi ya fito fili. Gwamna Abdullahi Ganduje ya ba da izinin Juma'a da Idi a Kano, inda cutar ta fi ƙamari. Kaduna ta ce a'a. A garuruwan bakin iyaka, mutum na iya jin labarin an sauko Idi a ƙauyen da ke tsallaken rafi, shi kuma an ce ya yi zamansa a gida. Ta fuskar lafiya matsayin Kaduna ya fi ƙarfin hujja. Amma yaya limamin gari zai fahimtar da jama'arsa cewa cuta ɗaya ce, addini ɗaya, hukunci biyu? Gwamnonin Arewa sun iya haɗa kai a kan abu guda a wannan lokaci, kuma ba wannan ba ne.

Abin da suka haɗa kai a kansa shi ne mayar da almajirai jihohinsu. El-Rufai ya ce Kaduna ta mayar da fiye da 30,000, ita ma aka dawo mata da nata, kuma gommai daga cikin yaran da aka kawo daga Kano gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar. Kaduna ta yi abin da ya dace da ta killace su, ta yi masu magani kafin a miƙa su ga iyayensu. Duk da haka, a tsakiyar annoba a loda yara cikin motoci a ratsa jihohi da su, a daidai lokacin da aka hana kowa tafiya, abu ne da ya saɓa wa dalilin kullen kansa. Yankin nan yana aika almajirai, yana kuma karɓa. Yaro ya dawo gidan da dama rashin abinci na cikin dalilan tura shi, makarantar boko a rufe, tsangaya an watse. An yi alkawarin cewa daga nan an gama da bara, kowane yaro zai yi karatu a gaban iyayensa. Duk mai bin tashoshin mota daga Zariya zuwa Kano a yau ya san inda alkawarin ya kwana.

Tallafi da asibiti

Gwamnatin jiha ta ware Naira miliyan 500 don sayen abinci a raba wa marasa ƙarfi. Zagayen farko ya tsaya a ƙananan hukumomi 9 cikin 23, mafi yawansu na manyan garuruwa irin su Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Zariya da Sabon Gari, sauran suka jira zagaye na gaba. Ana iya fahimtar dalilin, don yunwar birni ta fi gaggawa. Matsalar ita ce ko da kayan suka iso, babu cikakken rajistar da za a duba a ce ga gidan gwauruwa, ga na marayu, ga na tsohon da ba shi da mai nema masa. Inda babu rajista kuwa, wanda ya san wani shi ke samu. Mai unguwa da limami da ungozoma sun san kowane gida da abin da ke cikin tukunyarsa, kuma da su ya kamata a fara tun ranar farko. Abin da ya faru a watan Oktoba, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafin korona a jihohi da dama har da garin Kaduna, ya ƙara tabbatar wa talaka zargin da yake yi, ko da hukumomi sun yi bayanin cewa kayan na jiran rabo ne.

A ɓangaren gwaji jihar ta yi rawar gani. An buɗe ɗakunan gwaji a Kaduna da Zariya, har da na Jami'ar Ahmadu Bello, an kuma yi amfani da na'urorin gwajin tarin fuka da motar gwaji mai yawo. Sai dai a lokaci guda gwamnati ta yanke kashi 25 cikin ɗari na albashin manyan ma'aikata don tara kuɗin yaƙi da cutar, abin ya shafi ma'aikatan lafiya, har suka shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Mayu. Maƙarfi gari ne da ya daɗe yana horar da ma'aikatan lafiya a Kwalejin Shehu Idris, ɗalibanta na cike da asibitocin karkarar Arewa. Irin waɗannan ma'aikata, masu duba marasa lafiya a ƙananan asibitocin mazaɓu da kayan kariya kaɗan, ba su ne ya kamata a taɓa wa albashi a irin wannan lokaci ba.

Ɓarnar da ba a ƙirga ba ta faru ne a kan hanyar asibiti. A ƙauye babur shi ne motar ɗaukar marasa lafiya. Mace na naƙuda cikin dare, jini ya ɓalle, mijinta ya buga ƙofar maƙwabci mai babur, a ɗora ta a tsakiya wata ta riƙe ta a baya, a nufi babban asibitin Maƙarfi ko na Ikara, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce asibitin Shika. Dokar ba ta hana kai marar lafiya asibiti ba, amma mai babur na tsoron a ƙwace masa abin neman abincinsa a shinge, iyali na tsoron a ce korona ce a killace su. Sai a ce bari a ga safiya. Haka awon ciki ya ja baya, haka iyaye mata suka daina kai jarirai riga-kafi.

Damina ba ta san da kulle ba. Ruwa ya sauka a kan lokacinsa, manoma suka fita. Gwamnatin tarayya ta rage farashin buhun takinta daga Naira 5,500 zuwa 5,000, amma annobar ta kawo jinkiri wajen haɗa shi da rarraba shi, kuma manomin da tumatirinsa ya ruɓe ko bai samu sayar da hatsinsa ba ba shi da kuɗin saye ko da an kawo. Kafin kaka masara ta yi tsadar da ta sa masu kiwon kaji kuka a duk ƙasar, har Shugaba Buhari ya ba da umarnin fitar masu da tan 30,000 daga rumbun gwamnati. Ƙaramin manomin da ya sayar da tasa da arha a watan Afrilu don ya ci abinci, shi ya dawo yana awo da tsada a watan Agusta.

Ranar 9 ga Yuni Gwamna El-Rufai ya sanar da sassauta dokar daga washegari. Aka dawo Juma'a da coci, kasuwanni da makarantu suka ƙara jira. Alƙaluman hukuma sun nuna cutar ta kashe mutum 3,000 da 'yan kai a duk Najeriya, kuma rabon Kaduna a ciki kaɗan ne. Masu goyon bayan kullen na cewa shi ya hana abin da ya faru a Kano faruwa a Zariya, kuma maganarsu na da nauyi. Nawa ra'ayin shi ne an iya samun wannan kariyar da rabin wahalar, da an zauna da sarakunan kasuwa da shugabannin direbobi da dagatai tun farko: a bar kasuwar mako ta ci a ranarta amma a baje ta a fili, a raba ɓangaren hatsi da na dabbobi da na gwari, a ba masu baburan ɗaukar amfanin gona da marasa lafiya shaida daga hannun mai unguwa, a sa ƙarfin hukuma a kan kare tsofaffi da gwada matafiya. Hanyar isa kowane gida tana nan: matan da suka shekara suna bi gida-gida da allurar shan-inna, waɗanda aikinsu ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da cutar ranar 25 ga Agusta 2020, ana tsakiyar korona.

Allurar korona ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 a zubin farko, ta tarar da jama'ar da ta riga ta ƙosa da maganar. A daminar shekarar kwalara ta ɓarke, ta kashe fiye da mutum 3,600 a ƙasar cikin shekara guda, mafi yawa a Arewa, fiye da duk abin da aka rubuta korona ta kashe. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce shekarun annobar sun jawo koma-bayan riga-kafin yara mafi girma cikin shekara 30, inda yara miliyan 25 a duniya ba su samu cikakkiyar allurar da ke kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa da sandarewar jiki ba a 2021. Allura ce da ake yi wa jariri sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta, a asibitin mazaɓa. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano ya bazu zuwa maƙwabta, kuma a watan Yulin 2023 ya ɓulla a ƙaramar hukumar Maƙarfi, inda aka rasa yara.